Hoton haja: Abin da lokeshan ya koya mani game da haske

Na san halin ku sarai: in mujalla ta shigo hannu, shafin hotuna ku ke fara buɗewa, sai an gama ƙare wa jarumai kallo sannan a dawo kan rubutu. Ban ga laifin ku ba, ido ne ke fara cin kasuwa. To, yau ma maganar hoto na zo da ita, amma hoton haja, wato kayan sayarwa.

Abin da ya sa na ga ya dace a yi maganar a wannan fili shi ne, da yawa daga cikin ku masu bibiyar finafinan mu ku na da 'yar sana'ar da ku ke tallatawa a waya. Wata mayafai da abaya, wani huluna da agoguna, wata humra da turaren wuta, wata kuma cincin da dambun nama ta ke yi a cikin gida. Hatta 'yan wasan namu, maza da mata, da dama sun buɗe shaguna su na tallar kaya a Instagram da TikTok. Shi kuwa wanda ya sayi abu ta waya, cinikin biri a sama ya yi. Bai taɓa ba, bai shinshina ba, bai ɗaga yadin ya duba a rana ba. Hoton nan da ku ka ɗora kaɗai ya gani ya tura kuɗin sa. Kun ga hoton ya zama alƙawari tsakanin ku da shi, kuma kyan alƙawari cikawa.

Ni dai sana'a ta ɗaukar hoto. Na yi shekaru ina bin 'yan fim lokeshan a zamanin kaset da sidi, aiki na shi ne hotunan fasta da na kwalin kaset. Ƙannen mu da su ka taso a zamanin YouTube ba lallai su gane darajar fasta a wancan lokaci ba. A Bata da Ƙofar Wambai, a Kano, mai saye ba ya kallon fim kafin ya biya. Kwali ya ke ɗauka ya jujjuya, ya dubi fuskokin da ke kai, ya dubi kala, sai ya sa hannu a aljihu ko kuma ya ajiye ya yi gaba. Furodusa ya zuba dukiya, darakta ya sha rana, amma daga ƙarshe hoto ɗaya ne zai tsaya masu a gaban mai saye. Daga baya satar fasaha da tura fim a waya su ka karya wannan kasuwa, kallo ya koma talabijin da intanet. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, finafinai masu dogon zango irin su 'Labarina' da 'Izzar So' su ka mamaye gari daga 2020. Aikin kwali ya ƙare, sai na juya kyamara ta kan kayan 'yan kasuwa. Abin da na tarar shi ne ilimin duk ɗaya ne, in ban da wuri guda da zan faɗa maku a gaba.

Haske kyamara ke gani

Kimanin shekara dubu da su ka wuce, wani malami haifaffen Basra da ya zauna a Alƙahira, Ibnul Haisam, ya bayyana a littafin sa 'Kitabul Manazir' cewa haske ne ke dukan abu ya dawo cikin ido, sannan mutum ya gani. Haka ita ma kyamara ta ke. Ba ta san atamfa ba, ba ta san leshi ba, hasken da ya daki atamfar ya dawo mata kaɗai ta sani. Saboda haka in hoton ki bai yi kyau ba, kafin ki zagi wayar, ki fara tuhumar hasken.

Yara su kan tare ni su ce, "Oga, wace waya zan saya hoto na ya dinga fita kamar na wane?" Amsa ta kullum ita ce, ajiye kuɗin ka ka ƙara jari. A lokeshan na ga an ɗauki fitowa mai ban sha'awa da rifilakta ta falanki da aka lulluɓe da foyil, yaro ɗaya na riƙe da ita. Na kuma ga inda aka kwaso fitilun haya masu tsada aka jibga wa jaruma a fuska, har ta na runtse ido, hoton ya fito fayau kamar na fasfo. Abu uku ne ke raba hoto mai kyau da mara kyau: girman hasken, ɓangaren da ya ke fitowa, da kuma kalar sa.

Mu fara da girma. In mafitar haske ƙarama ce, inuwa kan yi duhu da kaifi. In babba ce, kuma ta na kusa da kayan, inuwa kan yi laushi. Filashar waya ba ta wuce ƙwayar wake ba, ga shi kuma ta na maƙale a gefen idon kyamara, sai ta daki kaya gaba da gaba, ta kashe masa siffa, ta bar wani farin tabo a tsakiya. Don Allah ku kashe ta. Ita ma rana, duk girman ta, nisan ta ya sa ta zama 'yar ƙarama a sararin sama, shi ya sa inuwar ta ke da kaifi. A ƙasar mu kuwa, da tsakar rana ta na kusan bisa kai ne, ita ce ke sa idon jarumi ya faɗa rami a fim, ta sa hanci ya yi inuwa har leɓe. Mu masu hoto murna mu ke yi in gajimare ya rufe ta, don a lokacin sama gaba ɗaya ta zama fitila ɗaya mai faɗi.

To, in babu gajimare fa? Ku nemi taga ko bakin ƙofa. Wallahi ban ga sitidiyon da ya fi ƙofar zaure ba: ciki da duhu, haske na shigowa ta gefe ɗaya, a natse. Ku ajiye tebur kamar taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofar, inda rana ba ta taɓawa kai-tsaye. Ga wani sirri ga mazauna Kano da garuruwan da ke layi ɗaya da ita: daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Maris rana ta na karkata kudu ne, don haka taga mai kallon arewa ba ta samun rana kai-tsaye duk yini. Daga Mayu zuwa tsakiyar Agusta kuma sai ta koma arewa, tagar kudu ta zama mai inuwa. In tagar da ku ke da ita rana na shigowa ta cikin ta, ku rataya farin yadi mara kauri ko farin mayafi, nan take za ku ga inuwar ta yi sanyi.

Wurare biyu zan ja kunnen ku a kai. Na farko gindin bishiya: hasken da ke ratsowa ta ganyen darbejiya ɗigo-ɗigo ya ke sauka, kuma ya kan shafa wa farin kaya kore-kore. Na biyu rumfar kasuwa mai shuɗin tamfol ko jar lema, don duk abin da ke ƙarƙashin ta sai ya ɗauki kalar ta. Hazon hunturu kuwa aboki ne, ya na tace rana kamar labule, sai dai ku riƙa kaɗe ƙura daga kan kayan, don kyamara na ganin ƙurar da ido ya raina.

Fitila uku da taga ɗaya

Duk wanda ya zauna da masu haska fim ya san tsarin fitila uku. Akwai babbar fitila da ke zuwa ta gefe, akwai ƙarama da ke rage duhun inuwa ta ɗaya gefen, akwai ta baya wadda ke zana gefen kai da kafaɗa don ta raba ɗan wasa da bango. Za ku iya haɗa wannan a ɗakin ku ba tare da kun sayi fitila ko ɗaya ba.

Taga ita ce babbar fitila. Ku sa ta a hagu ko dama da kayan, kada ku juya mata baya, don inuwar ku za ta faɗa kan hajar. A ɗaya gefen ku jingina farin kwali, irin wanda 'yan makaranta ke zane a kai. Hasken taga zai dake shi ya dawo ya cike inuwar. Ku matso da shi, ku ja shi baya, idon ku na kan fuskar waya, za ku ga inuwar na ƙaruwa ta na raguwa. Kada ku kashe ta gaba ɗaya, don inuwa ce ke nuna cewa kwalba zagayayya ce, jaka na da ciki, hula na da tsayi. In ku na son haske mai ɗan ƙarfi, ku dunƙule foyil ɗin nan da ake naɗe kaza, ku warware shi, ku manna a jikin kwali. Fitila ta uku kuma ƙaramin madubin kwalliya ya isa: a ajiye shi a baya can gefe, a karkato da haske kan gefen kayan.

In dole ce ta sa sai da dare za ku yi aiki, akwai ƙa'idar nisa da ya kamata ku sani. In ka ninka tazarar fitila da kaya sau biyu, hasken da ke isa kan kayan kashi ɗaya cikin huɗu ya ke komawa. Saboda haka matso da fitila ya fi ƙaro wata. A sa farin yadi tsakanin ta da kayan, amma a bar tazara, kada yadi ya taɓa ƙwai mai zafi. Wani lokaci za ku ga baƙin layuka na yawo a fuskar waya. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar na juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayaye kuma na ƙyaftawa tare da ita har sau 100, ido bai gani amma kyamara na kamawa. In janareta ne abin ya kan fi muni. Fitila mai caji ko ta sola galibi ta fi kwanciyar hankali.

Kalar da ta raba ciniki

Yanzu mun zo wurin da ake asarar kuɗi. Farin haske ba iri ɗaya ba ne, kowanne da kalar da ya ke ɓoye da ita, kuma ana auna ta da ma'aunin Kelbin. Ku duba kwalin ƙwan lantarki, za ku ga lamba da harafin K a gaban ta. Ƙwai mai ruwan ɗorawa ya kan kama daga 2,700 zuwa 3,200. Hasken rana na tsakiyar yini wajen 5,500 ne. Daga 6,500 zuwa sama haske ya fara komawa shuɗi-shuɗi. Ƙwaƙwalwar mutum na gyara wannan bambanci da kan ta, shi ya sa farar riga fara ce a idon ka ko da rana ko da dare. Ita waya ƙoƙartawa kawai ta ke yi, in kuma aka haɗa mata haske iri biyu, taga ta wannan gefe, ƙwai mai ruwan ɗorawa ta wancan, sai ta rikice ta ɓata duka.

Wata baiwar Allah a unguwar mu, mai 'ya'ya uku, da cinikin leshi ta ke riƙe gida. Aka nemi ankon biki daga wani gari, ta ɗauki hoton leshin da dare a ƙarƙashin ƙwan ɗakin ta, ta tura. Leshin ruwan hoda ne, amma a hoto ya fito kamar ruwan goro mai haske. Ƙawayen amarya su ka ce shi su ke so, har su ka sayi ɗankwali da takalma da za su dace da abin da su ka gani. Ta kwashi jarin ta ta saro, ta kai tasha ta ba direba. Kaya na isa aka bugo waya ana faɗa. Su ka dawo mata da shi, ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, leshi ya zauna mata a ɗaki wata da watanni. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne an kira ta mayaudariya a cikin zauren WhatsApp na 'yan biki, alhali ko kusa ba ta yi niyyar cutar kowa ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da ta kawo mani kuka, abin da na nuna mata bai ɗauki minti goma ba. Mu ka fito da leshin baranda da hantsi, mu ka kashe ƙwan da ke kunne, mu ka ajiye farar takarda a gefen sa. Na ce, "Hajiya, dubi takardar nan a waya. In ta fito fara, kalar leshin ki ma daidai ta ke. In ta yi ɗorawa ko shuɗi, to sauya wuri." Shi ke nan gwajin. Bayan an ɗauka kuma a kara wayar kusa da kayan a kwatanta da ido. Masu sayen ƙwai don wannan aiki, ku sayi biyu masu lamba ɗaya, wajen 5,000 zuwa 5,500 in an samu. In kun ga an rubuta CRI a kwalin, ku zaɓi mai 90 ko fiye, shi ne ke fito da kala yadda ta ke.

Akwai kuma wata ɗabi'ar kyamara: komai so ta ke ta mayar da shi tsaka-tsaki. Ka nuna mata farar shadda, sai ta rage haske shaddar ta koma ruwan toka. Ka nuna mata baƙar abaya, sai ta ƙara haske abayar ta yi kamar ta koɗe. Maganin a yatsan ku ya ke. Ku taɓa kan kayan a fuskar wayar, yawancin wayoyi za su fito da 'yar alamar rana. A ja ta a ƙara haske in farin kaya ne, a rage in baƙi ne.

Abin da ke bayan kaya

Masu kallon tsofaffin finafinan mu za su tuna yadda wani lokaci ana tsakiyar fitowa ta kuka, sai ka hango yaro na leƙe ta katanga, ko makirfo ya sauko ta sama. Daga nan an rasa mai kallo, dariya zai koma yi. Haka hoton haja ya ke. Kin baje mayafi mai tsada, amma ga silifas a gefe, ga bokiti, ga wayar caja ta ratso, ga ƙafar ƙanin ki. Ko kuma a shimfiɗa atamfa mai zane a kan zanin gado mai fulawa, su yi ta faɗa da juna, mai kallo ya rasa wanne ake sayarwa. Kafin ku danna, ku bi kusurwa huɗun hoton da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce farin kwalin nan dai. A manna gefe ɗaya a bango, a bar sauran ya sauko kan tebur a lanƙwashe, kada a karya shi. In aka ɗora kaya a kai, ba za a ga layin da bango ya haɗu da tebur ba. Wannan shi ne irin hoton da manyan kasuwannin intanet ke nema. Amazon, alal misali, ta shar'anta cewa babban hoton kaya ya kasance a kan fari tas, kuma kayan ya cike aƙalla kashi 85 cikin 100 na hoton. In kayan fari ne, sai a nemi kwali ruwan toka ko ruwan ƙasa. A guji shimfiɗa mai kala mai ƙarfi a ƙarƙashin farin kaya, don ja ko kore kan yi tsalle ya shafe shi. In kuma bango za a yi amfani da shi, a janyo kayan gaba kamar taku biyu, inuwa ta faɗi ƙasa, bangon ya ɗan dushe.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Marigayi J.D. 'Okhai Ojeikere, ɗan Nijeriya da ya rasu a 2014, ya fara ɗaukar hotunan kitso da gyaran gashin matan ƙasar nan a 1968, ya tara kusan dubu. Ku nemi hotunan ku gani: baya wayam, babu komai, sai kitson kaɗai ya tsaya kamar gini. Yau ana nuna su a manyan gidajen adana zane na duniya. Masu kitso da masu lalle, wannan darasin ku ne. Shi kuma Seydou Keita na Bamako, wanda ya buɗe sitidiyon sa a 1948, yawancin aikin sa da hasken rana ya yi shi a tsakar gida, kuma mayafin gadon sa ne ya fara ratayawa a bayan mutane. Gaskiya ne ya yi amfani da yadi mai zane, amma mutane ya ke ɗauka, kuma hoton baƙi da fari ne, babu kalar da za ta yi rikici. Abin ɗauka a wurin sa shi ne, tsakar gida da rana sun ishi mai ido.

Ba kuma na ce kullum sai fari ba. Kayan mu na gargajiya sun fi kyau a muhallin su. Dambun nama a akushi, kilishi a kan faifai, turaren wuta kusa da kasko a kan tabarmar kaba, hula a gaban bangon ƙasa. Sharaɗin dai kada kayan ado su wuce ɗaya ko biyu, kuma kada su fi hajar ɗaukar ido. A fim ma in ɗan rakiya ya fi jarumi kwalliya, darakta canza masa riga ya ke yi.

Kowane kaya da halin sa

Shadda da leshi su na son haske ya zo masu ta gefe ƙasa-ƙasa, ya shafi fuskar yadin, a nan ne zanen shadda da tudun aikin leshi ke fitowa. A goge yadi kafin a ɗauka, a kuma yi hoto ɗaya na kusa wanda zai nuna saƙar. Kwalbar humra, zuma ko zoɓo, haske ya fito ta baya ko ta gefen baya, sai ruwan ciki ya ɗauki ƙyalli. Abinci ma haka, hasken gefe ko na baya ke nuna maiƙo da tururi. Agogo, sarƙa, tabarau da tukwanen silba kuwa madubai ne, abin da ke gaban su su ke nunawa. In ka ga fuskar ka ko jar rigar ka a jikin tukunya, kewaye ta da farin kwali ta gefe biyu, ka ɗan sauya tsayuwa har ƙyallin ya kauce. Jaka da takalmi a cusa masu takarda su miƙe, a sauko da waya daidai tsayin su.

Ita wayar kan ta, a goge idon ta da gefen riga mai laushi kafin komai, don maiƙon yatsa ne ke sa hoto ya yi hazo. Kada a kai ta dab da kaya, babban idon waya mai faɗi ne, ya kan kumbura abin da ke kusa, takalmi ya yi ƙaton baki. A ja baya kaɗan, in wayar na da ido na biyu mai kusanto da abu a yi amfani da shi. A jingina ta da littattafai a sa mata ƙidayar daƙiƙa uku, don hannu na rawa ko mutum bai ji ba. Wajen turawa kuma, WhatsApp na matse hoto, amma tun 2023 akwai alamar HD da za a taɓa kafin a tura.

Inda fim da kasuwa su ka rabu

Na yi maku alƙawarin faɗin wuri ɗaya da ilimin ya bambanta. A fim an yarda haske ya yi ƙarya. Mu kan ɗauki fitowa da rana tsaka a mayar da ita dare, a zuba shuɗi a ce farin wata ne, a wajen waƙa a watsa ja da kore da hayaƙi. Mai kallo ya san wasa ne, don shi ma ya biya. Mai sayen mayafi kuwa mayafi ya biya, irin wanda ya gani. Duk dabarar da na lissafa a sama amfanin ta ɗaya ne: kayan ya fito yadda ya ke a ranar da ya fi kyau.

Saboda haka filtar da ke ƙara wa kala wuta, ku bar ta wa hoton ku na Sallah. Yanzu akwai manhajoji, har da masu ƙirƙirarriyar basira, da ke cire bayan hoto su sa wani cikin daƙiƙa. Share bokitin da ke baya ba laifi ba ne. Amma a canza kalar yadi, a goge tabon da ke jikin jaka, ko a ɗauko hoton wani shago a ce kayan ka ne, wannan algus ne, da mudu aka yi shi ko da waya. In kaya na da aibu, ɗauki aibun ka tura. In ƙarami ne, riƙe shi a hannu ko ka ajiye ashana a gefe a ga girman sa. Za ka iya rasa ciniki ɗaya a ranar, amma wanda ya buɗe leda ya ga abin da ya gani a hoto, shi ne zai dawo, ya kuma turo 'yan'uwan sa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a waya inda hoton "abin da na saya da abin da aka kawo mani" ke zaga gari kafin la'asar.

Ga ƙannen mu masu burin shiga industiri a matsayin masu ɗaukar hoto ko daraktoci, ga makaranta nan kyauta a ɗakin ku. Kwalbar turare ba ta gajiya, ba ta latti, ba ta cewa a sallame ta. Ku ɗauki abu ɗaya ku yi masa hoto da safe, da azahar, da yamma, a bakin taga da tsakar gida, da kwali da babu kwali, ku jera su ku duba. Sannan in kun zauna kallon fim a daren yau, ku ɗan bar bin labari na minti biyar, ku tambayi kan ku: hasken da ke fuskar jarumar nan ta ina ya fito, inuwar hancin ta ina ta faɗi, me aka ajiye a bayan ta, me ya sa? Wanda ya iya haska kwalba, fuska ba za ta gagare shi ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Allah ya sa albarka a kasuwa, ya ba mu masu saye na gari. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.